Wane Magani Ya Sha?

A ƙasar Hausa ciwon fata ba ya cikin cututtukan da ake tada mai mota da tsakar dare saboda su. Ƙazuwa, makero, ƙyasbi, ƙurajen zafi, maruru, duk mun tashi mun tarar da su, kuma kowace unguwa tana da tsohuwar da ta san maganinsu. A shafa man kaɗanya, a yi wanka da sabulun salo, a dafa ganyen darbejiya, idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a leƙa kemis a karɓo man shafawa. Sau da yawa kuwa a dace, domin yawancin ƙuraje susa da kunya kawai suke sa mutum. Wannan sabon ne yake cutar mu ranar da mugun nau'in ya shigo gida, don a zaune yake samun mu. Akwai ƙurajen da ke iya kai ƙaton namiji kushewa cikin mako guda, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai a cikinsu, da kuɗinmu muke zuwa mu sayo sanadinsa.

Likitoci suna kiran ciwon da sunan mutum biyu, Albert Stevens da Frank Johnson, likitocin yara a birnin New York na Amurka. A 1922 suka rubuta bayanin wasu yara maza biyu, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 8, da aka kawo da zazzaɓi mai zafi, ƙuraje sun rufe jiki, baki ya ƙwaƙule, idanu suna zubar da mugunya. Likitocin da suka fara ganin yaran sun ɗauka muguwar ƙyanda ce. A riƙe wannan, domin kuskuren da aka yi a Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce shi ake ta maimaitawa a ɗakunanmu har gobe. A 1956 kuma wani likitan fata a Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana nau'in da ya fi tsanani, wanda fatar mutum ke saluɓewa tamkar an kwara masa tafasasshen ruwa. Daga baya aka gane ciwo ɗaya ne, faɗin wurin da ya ci ne ya bambanta. Idan fatar da ta ɗaye ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, sai a ce Stevens-Johnson. Idan ta haura kashi 30, an shiga na Lyell, wanda ake taƙaita sunansa da TEN. Tafin hannun majinyaci haɗe da yatsunsa shi ne kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa, da shi ma'aikata ke kimantawa a bakin gado.

Ga yadda abin yake zuwa. Mutum ya fara shan wani sabon magani, kwana biyar, kwana goma, wani lokaci har mako uku ko huɗu, lafiya lau. Rannan sai ya tashi da zazzaɓi da ciwon jiki, maƙogwaro yana masa zafi idan zai haɗiyi yawu, idanu sun kaɗa suna raɗaɗi. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai tabo-tabo su bayyana a fuska da ƙirji da baya, masu duhu a tsakiya, suna haɗewa da juna. Leɓe ya kumbura, ya tsage, jini ya daskare a kai ya yi baƙi. Cikin baki ya zama gyambo, ko ruwa ba ya shiga. Fitsari ya zama azaba saboda gaba ma ya kama. Sai bororo ya tashi, manya-manya, masu laushi, kuma idan aka ɗan goga yatsa a gefensu, saman fatar ya zame ya bar jan nama yana tsattsafo da ruwa. Mai jinya ta zo gyara masa kwanciya, ta ɗaga shi, ta ga fatar bayansa ta zauna a jikin zanin gado. Abin da ke faruwa a ciki kuwa shi ne sojojin jiki sun ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, garin yaƙarsa suka far wa ƙwayoyin halittar saman fata suna kashe su.

Mun saba ɗaukar fata a matsayin ado, shi ya sa ake mamakin yadda ciwonta zai yi kisa. Alhali ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, shimfiɗarta a jikin baligi ta kusa murabba'in mita biyu. Ita ke riƙe ruwan jiki kada ya tsiyaye, ita ke riƙe ɗumi, ita ke tare ƙwayoyin cuta. Da zarar ta ɗaye, ruwa da gishirin jiki su yi ta zuba har ƙoda ta gaza, mutum ya yi ta rawar sanyi ko da tsakar bazara ne, ƙwayoyin cuta kuma su samu ƙofa a buɗe su shiga jini. Wannan na ƙarshen ne ya fi kashe majinyatan. A nau'in Stevens-Johnson, mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka ne ke rasuwa. A TEN kuwa kusan ɗaya cikin uku, kuma wannan lissafi ne na ƙasashen da ke da ɗakin kulawa ta musamman a kusa da kowa.

Inda muke shiga uku shi ne kwanakin farko. Zazzaɓi ya zo, kowa a gida ya zama likita: maleriya ce, ko kuma taifod. A aiki yaro kemis ya karɓo haɗi, a ɗora a kan maganin da ake sha tun farko, wanda ba wanda ya yi tunanin dakatar da shi. Wani lokacin ma a cikin haɗin akwai ɗan'uwan maganin da ya haddasa fitinar. Ƙuraje su feso, sai tsofaffi su ce ƙyanda ce, a bar ta ta fito, kada a yi allura kada ta koma ciki, kada a fitar da shi iska. A rufe ɗaki, a jiƙa saiwoyi, a yi ta ɗura. Sai ranar da fata ta fara saluɓewa hankali ya tashi, a nan kuma maganar ta canza: wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, hannu aka sa masa, mutum ya ƙone babu wuta ai sai aikin iska. Ba na ganin laifin uwar da ta yi wannan tunani, domin wanda bai taɓa jin labarin ciwon ba, ya ga ɗansa a haka, dole zuciyarsa ta tafi can. Addu'a da tofi ba sa hana komai, a yi su a cikin mota ana hanyar asibiti. Abin da ke kisa shi ne kwana huɗu ko biyar ɗin da ake ɓatawa tsakanin kemis da mai magani, alhali kowace safiya ana ci gaba da ba shi ƙwayar da ke cinye shi.

Ba sai an yi karatun likita ake rarrabe wannan da ƙyanda ba. Ƙyanda ciwon yara ne galibi, tana zuwa da tari da majina, ƙurajenta ƙanana ne, daga bayan kunne da fuska suke gangarowa, ba sa yin bororo mai ruwa, fata ba ta zamewa falle-falle. Duk ƙaton da aka ce ƙyanda ta kama shi bayan ya fara sabon magani, a sa ayar tambaya. Farankama kuma ƙaiƙayi take yi. Wannan ciwon zafi yake yi: majinyaci yakan ce fatarsa tana masa raɗaɗi tun kafin a ga wani abin kirki a ido, ko taɓa shi ba ya so a yi. Idan zazzaɓi ya haɗu da ƙuraje masu zafi, ga gyambo a baki ko ido ko gaba, kuma mutum ya fara wani magani cikin makonni takwas da suka wuce, to kada ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya, kuma kada a kwana a gida.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu baƙaƙe. Littattafan da aka koyar da yawancin ma'aikatan lafiyarmu da su cike suke da hotunan farar fata, inda ja yake fitowa ɓaro-ɓaro. A jikinmu wannan jan ba ya nuna kansa haka. Wurin kan yi duhu ne fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ruwan makuba, kuma a ɗaki mai ƙarancin haske sai a wuce shi. Abin ya dami wani ɗalibin likitanci a Landan ɗan asalin Zimbabwe, Malone Mukwende, har a 2020 ya haɗa kai da malamansa suka fitar da ɗan littafin hotunan cututtuka a baƙar fata. Kafin irin wannan ya wadatu a makarantunmu, dabarar ita ce a fito da majinyaci hasken rana, a duba leɓe da cikin baki da idanu da tafin hannu, sannan a saurari abin da yake faɗa game da zafin.

Magungunan da suka fi jawo shi ba baƙi ba ne, suna cikin kwanon kan gadon mutane da yawa. Zan rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali don mai karatu ya iya dubawa. Na gaba-gaba su ne dangin salfa: Septrin, wanda ainihin sunansa co-trimoxazole, da Fansidar da ire-irensa masu ƙwaya uku da ake sha lokaci guda don maleriya. Sai magungunan farfaɗiya, wato carbamazepine da aka fi sani da Tegretol, da phenytoin, da phenobarbitone, da lamotrigine. Sai allopurinol na masu ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut, da nevirapine na masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da wasu magungunan ciwon jiki irin su piroxicam, wanda 'yan ga-ruwa da leburori ke sha da yamma don gajiya. Fansidar yana da tsohon tarihi a wannan fage. A tsakiyar shekarun 1980 hukumomin lafiya na Amurka suka daina ba matafiyansu shawarar shan sa mako-mako don rigakafi, bayan wasu sun mutu da wannan ciwon na fata. Nijeriya ta sauya shi da magungunan ACT wajen maganin maleriya tun 2005, amma har yau ana miƙa wa mai zazzaɓi shi a kantuna da yawa saboda arha.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya zubar da maganinsa. Ciwon ba shi da yawa: a cikin mutum miliyan ɗaya, 'yan ƙalilan yake kamawa a shekara, ko da yake a tsakanin masu cutar karya garkuwar jiki haɗarin yana ninkuwa har kusan sau ɗari. Miliyoyin mutane sun sha Septrin sun warke sumul. Mai farfaɗiyar da ya shekara biyu a kan maganinsa ya riga ya wuce lokacin haɗarin, kuma idan ya yanke shi kwatsam, faɗuwar da za ta biyo baya tana iya halaka shi. Ko wanda alamomin suka bayyana a jikinsa, dalilin garzayawa asibiti a ranar ya haɗa da a sauya masa da wani. Haka nan ƙwayoyin da ake ba mata masu ciki a wurin awo, da wanda ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar, suna da salfa a ciki, amma rayukan da suke ceta daga maleriya sun fi ƙarfin a kwatanta da 'yar cutarwar da ake samu jefi-jefi. Shi ya sa masu rabon ke tambaya ko yaro yana shan Septrin, ko magani ya taɓa yi masa illa. A ba su amsa ta gaskiya, kada a ce a'a don a sallame su da wuri.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayar farko da likita zai yi idan aka shigo da irin wannan majinyaci ita ce: wane magani ya sha, kuma yaushe ya fara? Rai yana rataye a kan amsar. Wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2000 ya nuna cewa kowace rana ɗaya da aka riga dakatar da maganin da ya haddasa ciwon tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100. To amma je ka tsaya a bakin kowane kemis bayan magariba ka ga yadda ake cinikin. Mutum ya zo ya ce, "Malam, jikina ne duk ba daɗi, a haɗa min na ɗari biyar." Yaron shago bai tambaye shi komai ba sai ko ya ci abinci. Ya jawo kati ya ɓallo biyu farare, ya buɗe gwangwani ya ƙirgo uku rawaya, ya ƙara kafso ja da baƙi, ya sa wata 'yar ƙarama shuɗiya, ya kasa su kashi uku a ƙullin leda. "Wannan yanzu, wannan da safe, wannan da dare." Babu kwali, babu rubutu, babu suna. Shi kansa mai haɗin, idan ka dawo bayan kwana goma, ba zai iya rantsuwa a kan abin da ya zuba ba. Wannan wanda ke da shago ke nan. Mai tallar magani a faranti a tashar mota ko kasuwar ƙauye, shi ko ganinsa ma ba za ka sake yi ba.

Sai a zo gaban likita, ya tambaya, a ce masa, "Wata fara ce mai tsaga a tsakiya, da kafso." Fararen ƙwayoyi masu tsaga a tsakiya sun fi ɗari. Ba shi da zaɓi sai ya dakatar da komai, ya yi ta lalube, kuma duk maganin da zai rubuta yana fargabar ko shi ne. Ko da Allah ya tashi kafaɗun majinyacin, zai koma gida bai san abokin gabarsa ba.

Na san abin da za a ce: kemis shi ne asibitin talaka. Gaskiya ne. A ƙauyuka da yawa mai kemis ne kaɗai mai farar riga da za a samu cikin tafiyar awa guda, yana ba da bashi, yana buɗewa da dare, kuma da yawansu mutanen kirki ne da suka ceci rayuka. Ba na cikin masu cewa a rufe su, don wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana da yaro mai zazzaɓi a inda babu likita ba. Amma lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, take ba su na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu na asali. Bai haɗa da maganin farfaɗiya ko zuba haɗi a leda ba. An yi ta fama a Kano kafin a tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro a 2024, kuma wannan gyara ne a ɓangaren sari. Ɓangaren da ƙwaya ke shiga hannun mai sha yana nan yadda yake. Abin da nake nema bai kai tsadar ginin kasuwa ba: duk wanda ya miƙa wa ɗan Adam magani, ya rubuta sunansa da ranar da ya bayar a 'yar takarda, ko ya yanko katin da sunan yake jiki. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ƙungiyoyin masu kemis suna da shugabanni a kowace ƙaramar hukuma, suna taro, suna cin tarar mambobinsu a kan abubuwan da ba su kai wannan ba.

Kuma kada asibitoci su ɗauka da masu kemis kaɗai nake. Akwai asibitocin kuɗi da ke ɓare magani daga kwalinsa da gangan, su zuba a farar leda, su ja layi biyu da biro alamar safe da yamma, don kada majinyaci ya san sunan ya je ya saya a waje da rahusa. Wannan ɗabi'a ta fi ta yaron kemis muni, domin su sun san illar abin da suke yi. A asibitocin gwamnati kuma, inda likita ɗaya ke ganin layin da ba ya ƙarewa, da wuya a samu mai ɗaukar minti guda ya ce wa wanda aka ɗora a kan Tegretol, "Baba, idan ka ga ƙuraje ko bakinka ya yi ciwo cikin wata biyun nan, ka dakatar da shi ka dawo a ranar." Wannan jimla ɗaya tana cikin maganin, kamar yadda adadin ƙwayar yake cikinsa.

Sanin suna yana da amfanin da ya wuce mutum ɗaya. Shekaru da dama ana ba masu tarin fuka a Afirka wani magani mai arha, thiacetazone. Da cutar ƙanjamau ta yaɗu, likitoci a Nairobi ta Kenya suka lura majinyata suna ta saluɓewa, suka bi diddigi suka ƙirga, suka wallafa a 1991 cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu ɗauke da cutar da aka ba maganin sun samu illar fata, wasu har sun mutu. Wannan ƙirgar ce ta kai ga janye shi daga jikin irin waɗannan majinyata. A Taiwan kuma, a 2004, masu bincike suka gano cewa wani tambarin gado a jinin wasu 'yan ƙabilar Han ne ke sa carbamazepine ya yi musu wannan aika-aika, yanzu a can ana gwada jini kafin a rubuta wa mutum shi. Duk waɗannan sun yiwu ne saboda an san abin da kowane majinyaci ya sha, an kuma rubuta. Mu ma muna da hanyar: NAFDAC tana da fom mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani, ta kuma fito da manhajar waya mai suna Med Safety a 2020, wadda kowa zai iya amfani da ita. A 2016 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ja hankalin jama'a game da wannan ciwo, jaridu suka yi kwana biyu suna yayatawa, daga nan ƙura ta lafa. Fom ɗin yana da gurbin sunan magani. Wanda aka ba haɗi a leda me zai cike a wurin?

Idan an isa asibiti, jinyar irin ta wanda ya ƙone ce, don haka wurin da ya dace shi ne babban asibiti mai sashen masu ƙuna ko ɗakin kulawa ta musamman, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ƙaramin asibitin da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya sa ruwa ya tura gaba a ranar, kada ya riƙe majinyaci don kuɗin gado. Babu wata allura guda da ke tsayar da ciwon nan take. Likitoci suna gwada wasu magungunan danne garkuwar jiki, kuma har yanzu ba su gama daidaitawa a kan wanda ya fi ba. Abin da aka tabbatar yana ceto shi ne aikin nas-nas: ƙarin ruwa gwargwadon abin da ke zuba, ɗaki mai ɗumi, abinci ta bututun hanci idan baki ya ƙi, maganin raɗaɗi mai ƙarfi kafin a taɓa ciwon, bandejin da ba ya mannewa, da tsabtar hannu mai tsanani. Sabuwar fata takan tsiro cikin mako biyu zuwa uku idan an tsare mutum daga ƙwayoyin cuta. A nan 'yan dubiya sai su yi haƙuri. Mun iya zumunci, amma cika ɗaki da mutum ashirin kowa yana dafa majinyaci yana masa sannu, hanya ce ta kai masa ajalinsa. A gida kuma, kafin a taho, kada a shafa komai, ko toka, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko garin magani. Har farin man ƙuna da aka saba da shi, irin su Dermazin, yana da salfa a ciki, don haka a bar wa likita hukunci. A lulluɓe shi da zani mai tsabta, a tattaro duk wani magani da ke ɗakin, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalayen da aka jefar a kwandon shara, a tafi da su.

Idanu su ne abin da aka fi mantawa, kuma su ne nadamar da ta fi daɗewa. Hankalin kowa yana kan fata, alhali fatar ido tana manne wa ƙwayar ido a hankali. Idan likitan ido bai shigo tun kwanakin farko yana dubawa kullum, ana ɗiga magani ana raba mannewar ba, mutum zai iya tashi da ransa amma ya rasa ganinsa, ko ya ƙare rayuwarsa da busassun idanu da gashin ido mai juyawa ciki yana soke shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan, ga wanda ciwon kai kawai ya kai shi kemis. Dangi su tambaya da bakinsu ko likitan ido ya zo. Mata kuma a duba musu gaba, domin can ma yana iya mannewa ya zama matsalar aure da haihuwa daga baya, kuma kunya tana hana a faɗa.

Wannan ciwo yana da 'yan'uwa da su ma ba sa jira. Akwai wanda magani ke haddasawa bayan mako biyu zuwa takwas, fuska ta kumbura, ga zazzaɓi da ƙuraje, ya taɓa hanta har ido ya yi rawaya a ce shawara ce a shiga ba da jiƙo. Akwai borin jinin da ke zuwa cikin mintuna bayan allura ko harbin zuma, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe. Shi kuwa allurar adirenalin kaɗai ke kwance shi, kuma minti ake ƙirgawa. Akwai kumburin ƙafa ko hannu ko mazakuta, musamman ga mai ciwon suga, wanda zafinsa ya fi abin da ido ke gani, yana yaɗuwa cikin sa'o'i yana baƙi: ƙwayoyin cuta ne ke cin naman ƙarƙashin fata, kuma sai an shiga tiyata. Sannan ga wanda Arewa ta fi sani, sanƙarau, da ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a annobar 1996. Idan ƙwayar cutarsa ta shiga jini takan fito da ɗige-ɗige masu duhu da ba sa ɓacewa idan aka danna gefen kofin gilashi a kansu. A jikin yaro baƙi, a neme su a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Yaro mai zazzaɓi da irin wannan ɗigo ba a jira wuyansa ya sanƙare.

Wanda ya tsira daga Stevens-Johnson bai rabu da haɗari ba, domin jikinsa ba zai manta da maganin ba har abada, kuma idan ya sake shan sa abin yakan dawo da sauri fiye da na farko. Kada a sallame shi sai an rubuta masa sunan a kati ya sa a aljihu tare da katin shaidarsa, matarsa ko mijinta da manyan 'ya'ya su haddace, a kuma gaya wa 'yan'uwansa na jini su ambata wa likita kafin a ba su irinsa. Sunan da za a rubuta ya zama na ainihin sinadarin, wanda ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani. Co-trimoxazole kaɗai yana yawo a kasuwanninmu da sunaye barkatai, na ƙwaya da na ruwa, kuma mutumin da aka ce wa ya guji Septrin zai iya karɓar shi gobe a wani kwali mai wani launi, mai shago yana rantse masa cewa wannan daban ne.